Ido Ba Mudu Ba Ne: Launin Fure a Wurinmu da a Wurin Ƙudan Zuma

 A wannan wata za mu ajiye alli da allo, mu leƙa lambu da gona.

Wajen ƙarshen damina muka ce wa 'yan ajinmu kowa ya zo da fure ɗaya daga gonarsu. Kashegari teburinmu ya cika da furen kuɓewa, da na kabewa, da na auduga, da na riɗi, da na yakuwa. Muka ce su jera su bisa ga launi. Nan da nan gardama ta kaure a kan furen kabewa, waɗansu suna cewa rawaya ne, waɗansu suna cewa ruwan goro ne. Ana cikin haka sai yarinyar da ta kawo shi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ƙudan zuman da na kora daga cikinsa da safe, shi wane launi ya gani?" Yara suka fashe da dariya. Mu kam ba mu yi dariya ba, gama wannan tambaya ta sha kan manyan masana shekaru da yawa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kan launin fure, kashin farko na karin maganar ya fi na biyun gaskiya. Idon mutum ya san kimar abin da ya shafe shi, amma ba dominsa fure yake ado ba.

Ku duba gero da dawa da masara. Iska ce take ɗaukar musu bununi daga kai zuwa kai, saboda haka ba su da fure mai ɗaukar ido. Amma kabewa tana da fure namiji dabam, na mace dabam, kuma in ƙwaro bai ɗauki garin wancan ya kai wa wannan ba, ɗan kabewar zai yanƙwane ya faɗi. Wani bincike da aka buga a 2007 ya duba manyan amfanin gona 115 na duniya, ya tarar 87 daga cikinsu suna amfana da ƙwari ko tsuntsaye ko jemagu wajen barbara. Ashe launin fure kamar allon talla ne a bakin kanti, sai dai an rubuta shi domin wani mai karatu ne, ba mu ba. Wanda yake so ya san abin da aka rubuta, dole ya koyi duba da idon mai karatun.

Malamin da ya rasa aikinsa

Wanda ya fara lura da wannan a fili malamin makaranta ne irinmu. Sunansa Christian Konrad Sprengel, shugaban wata makarantar Lutheran a garin Spandau, kusa da Balin a ƙasar Jamus. A 1787 ya ga waɗansu 'yan gasu ƙanana a cikin wani furen jeji, ya ce a ransa Mahalicci bai yi ko gashi ɗaya a banza ba. Da ya bi diddigi sai ya gane gasun suna kare ruwan zaƙin furen ne daga ruwan sama, domin ƙwari su same shi bai tsinke ba. Daga nan ya lura furanni da yawa suna da ɗigo ko zane ko zobe na wani launi dabam a daidai ƙofar wurin da zaƙin yake, kamar alamar nuna hanya. Duk wanda ya taɓa duba jan tabon da ke tsakiyar furen kuɓewa ko na yakuwa ya ga irin abin da yake nufi.

A 1793 ya buga littafinsa, amma mutanen zamaninsa ba su kula ba. A 1794 aka sallame shi daga aiki, ana zarginsa da barin makaranta yana yawon duban furanni. Ya rasu a 1816 ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba. Sai bayan shekaru da dama Charles Darwin na Ingila ya karanta littafin, ya gwada, ya tabbatar wa duniya cewa malamin nan ya ga gaskiya.

Duk da haka akwai rami a maganar Sprengel. Ya ɗauka ƙwari suna ganin launi kamar yadda yake gani, bai kuwa tabbatar ba.

Yadda aka tambayi ƙudan zuma

A farkon ƙarni na 20 wani babban likitan ido a Jamus, Carl von Hess, ya ce ƙwari ba sa ganin launi ko kaɗan. Ya rufe ƙudan zuma a wuri mai duhu, ya haska musu fitilu masu launi iri iri, ya ga kullum wajen wadda ta fi haske suke gudu. Gwajinsa daidai ne, amma tambayarsa ce ba daidai ba. Wanda aka kulle yana neman ƙofar fita, ina ruwansa da launin ƙofar?

A Amurka, wani baƙar fata mai suna Charles Henry Turner, malamin sakandare a birnin St. Louis, ya buga gwajinsa a 1910, inda ya nuna ƙudan zuma suna koyon bin launi zuwa wurin abinci. Amma wanda ya kashe gardamar shi ne Karl von Frisch, ɗan ƙasar Ostiriya, a 1914. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Ya shimfiɗa takardu a tebur, ɗaya shuɗiya, sauran kuwa masu ruwan toka, tun daga mai kusan fari har zuwa mai kusan baƙi. Ya ɗora ɗan faranti a kan kowace, amma na kan shuɗiyar kaɗai ya zuba wa ruwan sukari. Yakan sāke wa takardun wuri a kai a kai don kada su haddace wurin. Bayan sun saba, sai ya kawo sababbin takardu da farantai wofi, ya rufe takardun da gilashi domin kada wari ya taimake su. Ƙudan zuma suka taru a kan shuɗiyar. Da a ce haske da duhu kaɗai suke gani, da lalle sun rikita ta da ɗaya daga cikin masu ruwan tokan.

Da ya maimaita gwajin da jar takarda sai abin ya sāke. Suka riƙa sauka a kan ja, da baƙi, da ruwan toka mai duhu, ba bambanci. Watau ja tsantsa kusan baƙi ne a wurinsu. Von Frisch ya ci gaba da nazarin ƙudan zuma har tsufansa, aka ba shi lambar girma ta Nobel a 1973.

Launin da ba mu gani

Kafin mu ci gaba sai mu ɗan yi bayanin haske. Hasken rana da muke kira fari, gaurayen launuka ne, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana. Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ita ce take bambanta launi da launi. Ana auna tazarar da nanomita. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake.

Amma hasken rana bai ƙare a shunayya ba. A 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano akwai wani haske gaba da ita wanda ido ba ya gani, ko da yake yana baƙanta maganin da daga baya aka riƙa yin hoto da irinsa. Turawa suna kiransa altarabayolet. Mu a nan za mu kira shi ɓoyayyen launi. A shekarun 1920 Alfred Kühn ya nuna ƙudan zuma suna ganinsa, suna kuma bambanta shi da sauran launuka. Ganinsu yana farawa daga wajen nanomita 300 zuwa wajen 650. Sun yi hasarar ja a wannan gefe, sun sami ɓoyayyen launi a wancan.

A cikin idonmu akwai ƙwayoyin gane launi iri 3, waɗanda suka fi jin haske a wajen nanomita 420, da 530, da 560. Ƙudan zuma ma iri 3 gare shi, amma nasa suna wajen 344, da 436, da 544, watau ɓoyayyen launi, da shuɗi, da kore. Ƙwaƙwalwa ce take gwada ƙarfin saƙon da kowane iri ya aiko, ta fitar da abin da muke kira launi. Saboda haka launi ba a jikin fure kaɗai yake ba. Rabinsa yana cikin hasken da furen ya mayar, rabinsa yana cikin idon mai kallo.

Matakan awo

To, yaya ake auna shi? Hanya ta fari ita ce ta gwadawa da ido. A 1905 wani malamin zane a Amurka, Albert Munsell, ya tsara launuka ya ba kowanne lamba. A 1966 kuma babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta fitar da katunan launi domin furanni. Mutum yakan kara katin a jikin fure har ya sami wanda ya dace, ya rubuta lambarsa. Da muna da irin katin nan a aji, da gardamar rawaya da ruwan goro ta mutu nan take. Amma wannan awon mutum ne domin mutum, bai amsa tambayar yarinyarmu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta na'ura, wadda ake kira sifektiromita, watau ma'aunin haske. Ana shimfiɗa ganyen fure, a haska masa fitila mai ɗauke da dukan launuka har da ɓoyayyen, na'urar kuma ta ƙidaya yawan hasken da ya dawo a kowace tazara daga 300 zuwa 700. Ana gwada shi da wani farin abu da aka san yana mayar da kusan dukan haske. Abin da ke fitowa ba sunan launi ba ne, zane ne mai hawa da sauka kamar tuddai. Na'ura ba ta da ra'ayi, ba ta san kyau ko muni ba.

Hanya ta uku lissafi ce. Ana ɗaukar zanen nan, a haɗa shi da irin hasken rana, da irin jin hasken ƙwayoyin idon wanda ake so, a fitar da ƙarfin saƙon da kowace ƙwaya za ta aika. In aka sa na mutum a sami amsa ɗaya, in aka sa na ƙudan zuma a sami wata. A 1992 Lars Chittka ya tsara wata taswira mai kusurwa 6 inda kowane fure yake samun ɗigonsa. Furanni biyu da ɗigonsu ya yi kusa, ƙudan zuma zai rikita su. Waɗanda suka yi nisa da juna zai bambanta su. Koren ganye kuwa yana faɗawa kusa da tsakiyar taswirar, wurin da babu launi mai ƙarfi, shi ya sa fure yake fita sarai a cikin ciyawa.

Mataki na ƙarshe shi ne a koma wurin mai abin. Kowane lissafi sai an gwada shi da ƙudan zuma masu rai da ruwan sukari, kamar yadda von Frisch ya yi, a ga ko sun yarda.

Akwai kuma ɗaukar hoto da kyamara ta musamman. Gilashi na kullum yana tare wani kashi na ɓoyayyen launi, saboda haka akan yi amfani da idon kyamara da aka yi da wani dutse mai sheƙi, a sa masa matacin da ba ya barin kome ya wuce sai shi.

Abin da awo ya tona

Karl Daumer, almajirin von Frisch, ya yi irin waɗannan hotuna a shekarun 1950. Ya tarar akwai furanni rawaya na dangin kabeji waɗanda a idonmu kusan ɗaya suke, amma a wurin ƙudan zuma launinsu dabam dabam ne, domin wani yana mayar da ɓoyayyen launi da yawa, wani kaɗan, wani ba ya mayarwa. Da 'yan ajinmu ne, da sun tara su tuli ɗaya.

Farin fure ma haka. Yawancin furannin da muke kira farare suna shanye ɓoyayyen launi, su mayar da shuɗi da kore da ja. Tun da yake ɗaya daga cikin ƙwayoyin ƙudan zuma uku ba ta sami kome ba, a wurinsa ba fari ba ne, launi ne sosai tsakanin shuɗi da kore.

Alamun nuna hanya na Sprengel kuwa sun fi yadda ya zata yawa. Furen nan mai kallon rana, wanda ake matse mai daga 'ya'yansa, ganyensa rawaya ne daga tushe har baki a idonmu. A hoton ɓoyayyen launi, tushen ganyen baƙi ne, bakinsa da haske, sai furen ya fito da babban zobe a tsakiya. A 2022 masana a jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada suka nuna cewa irinsa na jeji da ke tsiro a wurare masu busasshiyar iska ya fi babban zobe, domin sinadarin da ke yin zoben yana kuma taimakon furen riƙe ruwa. Abu ɗaya, aiki biyu.

Jan fure fa? Tsuntsaye suna da ƙwayoyin launi iri 4, suna ganin ja da kyau. Ku lura da kauci da ke fitowa a kan itatuwa, ko minjirya da rani, za ku ga ɗan tsuntsun nan sha-kauci yana zura dogon bakinsa a cikin jajayen furanninsu. Ƙudan zuma yana iya samun jan fure, amma yakan sha wuya kafin ya raba shi da ganye, sai tsuntsu ya riga shi. Da dare kuwa fari ne ya fi fita. Furen kuka yana buɗewa da almuru, jemagu su zo masa. Furen duma ma da yamma yake buɗewa domin ƙwarin dare.

Waɗansu furanni har sāke launi suke yi. A 1877 Fritz Müller ya rubuto daga Brazil cewa furen lantana rawaya ne a ranar fari, ruwan goro a ta biyu, shunayya a ta uku, kuma malam-buɗe-littafi ya fi zuwa wa sabon, wanda ke da zaƙi. Manomin auduga ya san irin wannan: furen yakan buɗe da safe fari mai ɗan rawaya, a ranar ake barbararsa, kashegari ya koma ja-ja.

Iyakar saninmu

Kada mu zarce gona da iri. Hotunan ɓoyayyen launi ba su nuna mana abin da ƙudan zuma yake gani ba, kashi ɗaya ne kawai cikin uku na ganinsa. Awo yana gaya mana abin da zai iya bambantawa, ba yadda abin yake a cikin kansa ba.

Ganinsa kuma ba shi da kaifi kamar namu. Gwaje-gwajen da aka buga a 1996 sun nuna sai ya matso ƙwarai yake gane launi. Furen da faɗinsa ya kai santimita 5, zai hango shi a matsayin tabo daga wajen rabin mita, amma launinsa sai ya zo wajen santimita 20. Daga nesa ƙanshi yana taimakonsa, haka kuma taruwar furanni da yawa wuri ɗaya.

Abin da ya shafi gidajenmu

Abu na fari na manoma ne. A wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, an rufe furannin auduga da na riɗi don kada ƙwari su kai gare su, amfanin ya ragu ƙwarai, na riɗi da fiye da rabi. Gonar da ta yi fure kira take yi, ko da ba mu iya karanta allonta duka ba. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari da safe a kan buɗaɗɗen fure, ya kashe ma'aikatan da suka amsa kiran. In feshi ya zama dole, a bari sai da yamma lis, sa'ad da ƙudan zuma suka koma amya. Masu ɗiban zuma kuma su yi da hayaƙi, kada su ƙone gidan da wuta.

Na biyu na iyaye da malamai ne. Ko a tsakanin mutane ido ba ɗaya ba ne. John Dalton na Ingila ya bayyana a 1794 cewa shi ba ya ganin launuka kamar sauran mutane, kuma a Turai wajen namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambanta ja da kore. A cikinmu ma akwai su. Yaron da kullum yake rikita waɗannan launuka, kada a yi saurin ce masa daƙiƙi ko a ɗaga masa bulala. A gwada idonsa tukuna.

Na uku, gwajin von Frisch bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Ana bukatar shuɗiyar takarda, da waɗansu masu ruwan toka, da marafan kwalba, da ruwan sukari. A yi shi nesa da amya, babba yana tsaye, gama ƙudan zumanmu ba su da haƙuri irin na Turai. Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani.

Yarinyarmu kuwa mun ba ta amsa bayan mako guda. Muka ce mata ƙudan zuman nan ya ga launi lalle, amma ba rawaya ba ne, ba kuwa ruwan goro ba, domin ba da mudunmu yake awo ba. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "To Malam, ashe gardamar da muka yi ta banza ce." Muka ce a'a, ba ta banza ba ce, gama ita ce ta haifi tambayarki.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.